An ba ni Microbiology maimakon likitanci: in karɓa ko in jira baɗi?

Ɗan Mandawari: Assalamu alaikum. Na ci 238 a JAMB, na nemi likitanci a Jami'ar Bayero (BUK), amma da na duba CAPS, shafin da JAMB ke nuna gurbin karatun da aka ba mutum, sai na ga Microbiology. Baba ya ce in karɓa, Umma kuma ta ce in sake zana jarrabawa baɗi, kafin nan in zauna a shagon yayana a Kantin Kwari. Shekarata 19. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara don Allah.

Na Gwale: Wa alaikumus salam. Ka tafi jami'ar Wudil ka karanta injiniya kawai, can ne harkar take.

Ɗan Mandawari: Yaya, ai ban zana Lissafi a JAMB ba. Physics, Chemistry da Biology na yi.

Baban Walida: Ƙanena, kada wani ya ruɗe ka da "karɓi kawai, idan ka gama aji ɗaya za ka canza". Haka aka yi min a wata jami'a. Aka ba ni Zoology, aka ce in dage in fito da sakamako mai kyau. Na kwana a aji, na rame, na samu maki mai kyau, na rubuta takardar neman canji. Har na gama ba wanda ya ba ni amsa. Ga yajin aikin malamai na 2022 ya cinye mana wata takwas cur. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina bai kai alawus ɗin da na karɓa a bautar ƙasa ba. Abokina da ya haƙura ya sake jarrabawa yana asibiti da farar riga.

Anti Hauwa Hotoro: Allah Ya sauwaƙe, amma labarinka ba shi ne na kowa ba. Ni Microbiology na karanta, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin abinci a Challawa. Abin da ya kamata yaron ya sani: wannan digirin ba ya ba ka lasisin gwajin jini a asibiti. Wannan sai Medical Laboratory Science, shekara 5. Idan asibiti ne a ranka, nemi canji zuwa shi ko aikin jinya tun kafin ka danna karɓa.

Baban Walida: Anti, ke a zamaninku kuka samu aiki. Mutum nawa 'yan ajinku suka samu?

Anti Hauwa Hotoro: Kai kuma da ka karanta Zoology, ta ina ka san Microbiology?

Sarkin Raha: Ku bar Baban Walida, gidan zoo na nan kan titin Zoo Road, zakuna na jiran likitansu.

Ummu Sudais: Canjin kwas a JAMB naira 2,500 ne, na yi wa ɗiyata.

Na Gwale: Hajiya, ni 6,000 aka karɓa a wurina a wani shago.

Ummu Sudais: To kuɗin aikin mai shago ne aka ɗora maka.

Ɗan Mandawari: Na gode. Amma idan na jira baɗi ban kai makin ba fa? Likitanci shekara 6 ne, ga shekarar da zan zauna.

Malam Na Ƙofar Mata: Ɗana, ka yi istihara, kuma ka zaunar da mahaifinka ku yi magana. Shi zai biya.

Ɗalibar Rijiyar Zaki: Batun biya kuwa, ku lissafa da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, daga cikin gari zuwa sabuwar jami'a ta BUK a adaidaita sahu ya zama masifa. Ni sai na sauka a Kabuga in sake hawa wata. Da na haɗa kuɗin wata guda, sai na ga gara in kama ɗaki a Rimin Gata.

Baban Walida: Ɗakin ma masu gidaje kowace shekara sai sun ƙara, ruwa kuma sai ka saya a wurin 'yan garuwa.

Ɗalibar Rijiyar Zaki: Wallahi. Akwai wanda ya san ko lamunin ɗalibai na NELFUND na shigowa a kan lokaci? Mai gidanmu ya ba mu zuwa ƙarshen wata.