Neman kalma: "wage premium" na ma'aikatan gwamnati

Mai Fassara: Jama'a a taimaka, shirina na rediyo gobe da safe ne. Ya zan ce "public sector wage premium"? Nufinsa abin da ma'aikacin gwamnati ke samu sama da takwaransa na kamfani, alhali karatunsu da shekarun aikinsu ɗaya.

Ɗan Zazzau: Giɓin albashi.

Hajiya Malama: Giɓi bai faɗi wa ke sama ba. Kuma abin yana juyawa. A Girka da Sifaniya kafin rikicin bashi na 2010, ma'aikacin gwamnati ne a sama, a Suwidin kuwa kamfani ya fi biya. Ko a ƙasa ɗaya, masinja da direba su ke cin moriyar gwamnati, saboda ƙungiyoyin ƙwadago da tsarin matakin albashi suna ɗaga na ƙasa, su danne na sama. Injiniya ko akanta sau da yawa asara yake yi. Ni dai "fifikon albashi".

Baban Nahawu: Gyara! Abin da mai awo ke ƙara maka bayan mudu ya cika. "Gyaran albashi". Hausa tsantsa.

Ɗan Zazzau: Baba, duk wanda ya ji gyaran albashi zai zaci gwamnati za ta sake tsari ne.

Baban Nahawu: Laifin kunnenku ne, 'yan boko. Da ku aka bari "firimiya" za ku ce, kamar gasar ƙwallo.

Ɗan Zazzau: Ba wanda ya ce firimiya. Kuma ba Kano kaɗai ke da Hausa ba.

Baban Nahawu: Wa ya ambaci Kano?

Hajiya Malama: Ku bari mana. Mai Fassara, ki kula da wa ake kwatantawa. In aka haɗa da masu aikin da ba rajista, ba fansho, ratar tana da faɗi. In da manyan kamfanoni kaɗai ne, sai ta tsuke. Singafo ma tun 1994 ta ɗaure albashin ministoci da na manyan 'yan kamfani.

Mai Fassara: To in na gwamnati ne a ƙasa fa? "Fifiko" ba zai yi ba.

Hajiya Malama: Sai ki ce "naƙasun albashi".

Mai Fassara: Na ɗauki fifiko, naƙasun kuwa zan yi bayaninsa da jimla. Na gode.

Baban Nahawu: Ki yi yadda kike so, 'yata. Amma gyara ce.