Autanmu zai tafi wa'azin Mormon a Kumasi, ku ba ni shawara

Mai tambaya:

Jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema a kan ƙanina, autan gidanmu, ɗan shekara 19. Mu 'yan ECWA ne tun kakanni, amma da ya zauna wurin kawunmu a Abuja sai ya fara zuwa cocin nan da ake kira Mormon, har aka yi masa baftisma a can. An yi faɗa, an yi lallashi, daga baya muka ƙyale shi tunda ba mu ga ya lalace ba, sai ma natsuwa da ya ƙara. To yanzu takarda ta zo masa cewa an tura shi wa'azi Kumasi ta ƙasar Gana, shekara biyu cur. Ya ce babu albashi, babu zuwa gida hutu, kuma ba shi ya zaɓi garin ba. Tun da Mama ta ji ba ta cin abincin kirki. Baba ya rasu, duk burinta ta ga Auta a jami'a, ga shi ya ci JAMB bana da maki mai kyau.

Ni ce babba, kowa ni yake kallo. Mama na so in hana shi, shi kuma yana roƙona in shawo kan Mama. Don Allah wanda ya san abin nan daga ciki ya faɗa mini: me suke yi tun safe har dare? Wa ke ciyar da su? In ciwo ya kama shi fa? Za mu riƙa jin muryarsa? Kuma in ku ne a matsayina, za ku sa hannu ko za ku tare hanya?

Maman 'yan biyu:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Mama haƙuri. Ni dai roƙona ɗaya, ko me za ku yanke, kada ku bar yaron nan ya fita gida da fushi a tsakaninku. Ku saurari waɗanda suka san abin tukuna.

Tsohon ɗan mishan daga Jos:

Anti, ni ɗan cocin ne, kuma a Gana na yi nawa aikin, don haka bari in ba ki labarin yadda yake, da daɗin da wuyar.

Ba Kumasi zai fara sauka ba. Akwai makarantar horar da 'yan mishan a Akra, kusa da haikalin da aka buɗe a 2004. Wanda zai yi wa'azi da Turanci mako uku yake yi a can, sannan a miƙa shi ga shugaban mishan na yankinsa, wani magidanci da ke zaune da matarsa yana kula da matasan. Shi zai haɗa shi da abokin aiki, saurayi ɗan'uwansa. Wannan abokin shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki: ba a rabuwa da shi dare da rana, ɗaki ɗaya, hanya ɗaya, dole kana ganinsa kana jin muryarsa, in ban da shiga banɗaki. Duk mako shida ana duba sauyin wuri, wataƙila a bar ka, wataƙila a ce ka tattara jakarka zuwa wani gari da wani sabon aboki, ɗan Kwango ko ɗan Amurka ko ɗan Filifin. A nan ne mutum ke koyon haƙuri na gaske, domin za a haɗa ka da wanda jininku bai haɗu ba, kuma ba inda za ka tsere.

Tashi ƙarfe 6:30 na safe, addu'a, motsa jiki rabin awa, wanka, karin kumallo. Daga nan karatu: kowa shi kaɗai da Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, sannan su biyun su zauna su tsara wa za su ziyarta yau da abin da za su koya masa. Wajen ƙarfe goma ka ga sun fito da farar riga, da lakataye, da ɗan baƙin allon suna a ƙirji mai ɗauke da "Elder" da sunan mahaifi. Ragowar yini tafiya ce, a ƙafa ko a keke ko a trotro, wato ƙananan motocin hayarsu. A gaida mutane a hanya, a zauna da wanda ya ba da lokaci, a ziyarci 'yan coci da suka daina zuwa, wani lokaci a taya mutane aiki, sharar unguwa ko noma ko ɗibar ruwa. Zuwa tara na dare a koma gida, goma da rabi a kashe fitila. Tun 2017 aka ba shugabannin mishan damar matso da lokutan nan gwargwadon yanayin ƙasa, saboda haka yana iya tarar da ana tashi da wuri ana kuma komawa gida da wuri.

Kada ki ɗauka kullum wa'azi ake yi ana tafa musu. Yawancin ranaku sai ka yi tafiyar awa guda cikin rana zuwa gidan wanda ya ce ka zo ƙarfe biyu, ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ranar Lahadi ka tsaya bakin coci kana leƙen hanya don wanda ya yi alkawarin zuwa, har a fara waƙa bai zo ba. Takalmina sai da tafinsa ya huje, na riƙa sa kwali a ciki kafin ranar hutu ta zagayo in kai wa mai gyara.

Ranar hutun ita ce Litinin a yawancin wurare, har zuwa yamma. Ran nan ake wankin fararen riguna da hannu, ana dirzar jar ƙasa daga wuyan riga, a je kasuwa, a yi aski, a buga ƙwallo. Kuma ran nan ne amsar tambayarki ta murya. Da can sau biyu kawai a shekara ake kiran gida, Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran sai wasiƙa. Tun Fabrairun 2019 aka yarda ɗan mishan ya kira iyayensa kowane mako, har da kiran bidiyo. Ki faɗa wa Mama wannan kafin komai.

Kuɗi kuwa gaskiya ya gaya miki, ba a biyan ko sisi. Hasali ma ɗan mishan da iyalinsa ake so su ba da abin da za su iya, bishop na cocinsu zai zauna da shi a kan haka, asusun coci ya cike ragowar. Daga nan ake biyan haya, a ba shi kuɗin abinci da na mota duk wata. Ba yawa gare su ba, in bai iya lissafi ba zai sha gari a ƙarshen wata. Ku koya masa dafa shinkafa da miya tun yanzu. Batun lafiya, ana ba da gidan sauro da matatar ruwa da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kuma in ciwo ya yi tsanani ofishin mishan ke kai mutum asibiti. Dokoki suna da yawa: ba budurwa, ba talabijin, ba waƙoƙin duniya, ba iyo a ruwa. Giya da taba da kofi da ganyen shayi kuwa dama duk ɗan cocin ba ya taɓa su.

Ɗan zangon Kumasi:

Salamu alaikum baiwar Allah. Ni Musulmi ne, haifaffen Asawase, ba ruwana da addininsu, amma ina ganin yaran nan kullum, bibbiyu, wajen kasuwar Kejetia da cikin unguwanni. Ban taɓa jin sun yi wa wani rashin kunya ba. In ka ce kai Musulmi ne sai su gaishe ka su wuce. Manyanmu suna tuna lokacin da gwamnatin Rawlings ta rufe cocin a 1989, tare da Shaidun Jehobah, aka sake buɗe cocin Mormon ɗin a ƙarshen 1990. Wannan ya wuce, yanzu ba mai takura musu.

Ki kwantar wa Mama hankali a kan garin. Kumasi gari ne na lumana, ga babban asibitin Komfo Anokye. Yaro mai jin Hausa ba zai yi maraici ba: a Aboabo da Asawase da Sabon Zango zai ji Hausa kamar yana gida, zai samu tuwo da koko da ƙosai. Ya dai dage ya koyi gaisuwa da yaren Tuwi, Asantawa suna jin daɗin haka ƙwarai. Ya kuma taho da lema mai ƙarfi, ruwan sama a nan ba wasa.

Dattijon ikkilisiya:

'Yata, na karanta duk abin da aka rubuta, ban musa ko ɗaya ba. Yaran suna da ladabi. Amma kowa yana maganar takalmi da abinci, ba wanda ya taɓa abin da zai je ya koyar, kuma ina jin shi ne ke cin ran mahaifiyarku ko ba ta faɗa ba. Joseph Smith ya kafa cocin nan a jihar New York a 1830, suna ɗaukarsa annabi, suna kuma riƙe Littafin Mormon nassi ne tare da Littafi Mai Tsarki. Ba su yarda da Triniti yadda muka karɓa ba, a wurinsu Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne dabam-dabam masu nufi ɗaya. Saboda irin wannan bambanci ne cocin Katolika ta ce a 2001 ba ta karɓi baftismarsu ba. Kuma har zuwa 1978 ba sa naɗa baƙar fata a matsayin firist. Ya kamata yaro ya san duk wannan kafin ya ba da shekara biyu na ƙuruciyarsa.

Ban ce ku kulle shi a ɗaki ba, ɗan shekara 19 ba a ɗaure shi. Ku kai shi wurin fastonku su zauna su biyu da Littafi a buɗe, ba da tsawa ba. In ya saurara ya ce har yanzu zai tafi, kun sauke nauyinku.

Tsohon ɗan mishan daga Jos:

Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, har da na 1978, kuma abu ne da ya dame ni ni ma. A watan Yunin shekarar aka ɗage hanin, a 2013 kuma cocin ta fitar da bayani tana nisanta kanta daga dalilan wariyar da aka riƙa bayarwa a da. Ina goyon bayan ya zauna da fasto. Wanda bai iya amsa wa faston gidansu ba, ba zai iya amsa wa mutanen Kumasi ba.

Anti, akwai abu ɗaya da gara ki ji daga bakina. Kafin ya fara aiki zai shiga haikali, ko na Aba da aka buɗe a 2005 ko na Akra, ya ɗauki alkawura. Wanda ba ɗan coci mai takardar izini ba ba ya shiga, har Mama. Bayan haka zai riƙa sa wasu fararen tufafin ciki. Wannan ke sa wasu su ce ƙungiyar asiri ce. Ku tambaye shi kai tsaye, ya yi muku bayanin abin da zai iya. Sujadar Lahadi kuwa a buɗe take ga kowa, ku je ku gani da idonku.

Malamar sakandare:

Ni ta karatun nake. Sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai, in ya tafi ya dawo sai ya sake zaunawa, amma WAEC ɗinsa ba ta lalacewa. Zai dawo yana ɗan 21, bai makara ba, sai dai shekara biyu ba lissafi ba kimiyya tana sa kai ya yi sanyi. In ya samu gurbi bana, ku je jami'ar ku tambayi ƙa'idar jinkirta shiga, a ba ku a rubuce. Kuma a sanina samari suna iya tafiya mishan daga shekara 18 har zuwa 25. Me zai hana ya yi digirin tukuna? Cocin na da karatun intanet mai suna BYU-Pathway da 'yan Nijeriya da yawa ke yi, amma ku bincika ko ya dace da kwas ɗin da yake so da batun hidimar ƙasa kafin ku dogara da shi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Mama duka da daddare. Maganar kiran waya duk Litinin ta sanyaya mata rai, maganar haikali kuma ta tayar mata da hankali. Na kawo wa Auta shawarar Malama, ya ce ya yi addu'a kuma yanzu yake jin kiran. Ya dai yarda zai zauna da fastonmu, Mama ita ma ta ce tana son ganin bishop ɗinsu ido da ido ranar Asabar, tare da kawu. Tambaya ɗaya ta rage mini: in ya je ya ga ba zai iya ba, za su bar shi ya dawo?

Tsohon ɗan mishan daga Jos:

Za su bar shi. Aikin sa kai ne, akwai masu dawowa kafin lokaci saboda ciwo ko damuwa ko don ransu ya ƙi. Shugaban mishan zai yi ƙoƙarin ƙarfafa shi ya zauna, wannan kam tabbas, kuma wasu kan ji kunyar dawowa saboda bakin mutane. Don haka ku gaya masa tun yanzu, a gaban Mama, cewa ƙofar gida a buɗe take ko yaushe ya dawo.

Ranar Asabar ku tambayi bishop nawa ake sa ran ku bayar duk wata, wa za ku kira in wani abu ya taso a gida, da ko za a iya ɗaga ranar tafiyar in gurbin jami'a ya fito. Ku karɓi lambar ofishin mishan na Kumasi ku ajiye. In kuma an tsaya a kan tafiyar, ya fara neman fasfo da katin rigakafin cutar shawara tun wannan makon, domin ana tambayar katin a shiga Gana, fasfo kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya fito.