Taƙaitawar shawarwari kan rubutun ɗalibai game da tarihi da rayuwar magabata

Ga abin da na tattara daga muhawarar da ɗalibai da malamai na Yamai suka yi kan wannan batu.

1. Kowa ya yarda cewa ɗalibi ya ƙuntata jigonsa. Maimakon ya ɗauki tarihin mulkin mallaka gaba ɗaya, gara ya tsaya kan yaƙin Lugu na 1899, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine.

2. A nan ne aka fi daɗewa. Da yawa sun koka cewa ɗalibai suna ɗaukar littafin "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, tamkar kundin tarihi, alhali ƙagaggen labari ne da aka gina kan abin da ya faru. Sun ce wajibi ne a rarrabe abin da marubuci ya ƙirƙira da abin da takardun Faransawa da bakin dattawa suka adana, kuma ni ma ina ganin wannan gyaran ya fi kowanne gaggawa.

3. Ra'ayi ya rabu kan tarihin baka. Wasu sun ce ba a kafa hujja da shi sai rubutu ya mara masa baya. Wasu suka ce aikin masanin tarihi Boubou Hama da na CELHTO, cibiyar nazarin tarihin baka da ke Yamai, ya nuna shaida ce mai nauyi, muddin an faɗi wanda ya ba da labarin da inda aka ji shi.

4. An shawarci masu rubutu kan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo su leƙa rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, su bar kwafe daga intanet.