Mai binciken kuɗi ya ce littafina rabin aiki ne, ina sauran rabin?

Magajin Sito, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sito a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi. Muna da kwamfutoci 34 a ɗakin koyo, bakwai a ofisoshi, firinta uku, da inbata da batiranta. Kowacce na rubuta lambar jikinta a babban littafi, na manna mata takarda, har rasit ɗin da aka sayo ta da shi daga Kano yana nan. Makon jiya mai binciken kuɗi ya zo, ya duba ya ce madalla, sai kuma ya ce ina lissafin manhajoji? Na ce ai suna cikin kwamfutocin. Ya yi murmushi ya ce rabin ITAM na yi, SAM kuwa ko kusa ban je ba. Kunya ta hana ni tambayarsa a gaban shugaban makaranta. Don Allah mene ne bambancinsu?

Injiniyan Gusau:
Wa'alaikumus salam Malam. Littafinka bai ɓaci ba. ITAM, wato IT Asset Management, shi ne kula da duk wata kadara ta fasaha, na'ura ce ko manhaja, tun daga ranar saye har ranar da za a sayar ko a jefar. SAM, wato Software Asset Management, ɗaki guda ne a cikin wannan gidan, ruwansa da manhajoji da lasisinsu kawai. Ma'aunin duniya na wannan aiki, ISO/IEC 19770-1, a kan manhaja kaɗai ya fito a 2006, sai a 2017 aka buɗa shi ya ɗauki ITAM gaba ɗaya.

Inda mutane ke ruɗewa: kwamfuta taka ce kamar babur ɗinka, ka ga dama ka sayar. Manhaja kuwa kamar shagon haya ce, izinin zama ka biya, kuma da sharaɗi. Don haka tambayar SAM ita ce, izini nawa muka saya, nawa muka ɗora, nawa ake aiki da su da gaske? Windows ɗin da ta zo manne da kwamfuta daga kamfani, wadda ake kira OEM, idan na'urar ta mutu izinin ya bi ta kabari. Wadda ka saya daban kana iya mayar da ita kan wata. Littafin sito ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Maman Khadija, Yauri:
Ni kuɗi ne suka koya min. A ofishinmu muna biyan Microsoft 365, kowane ma'aikaci da nasa kason duk wata. Mutum huɗu suka bar aiki, muka karɓi kwamfutocinsu aka sa hannu a takarda, kowa ya ce an gama. Ashe asusunsu na nan a buɗe, ana ta zarar kuɗi wata bakwai. Kaya sun dawo cif, aljihu na yoyo. Yanzu a takardar sallama har layin rufe asusu na ƙara da hannuna.

Ɗan Jega:
Ku dai kuna son wahalar da bawan Allah. Wa zai taso daga Amurka ya zo Kabi ƙirga lasisi? Mai gyara ya ɗora maka komai a dubu biyu, aiki ya tafi.

Injiniyan Gusau:
Ɗan Jega, ko ba wanda ya zo, manhajar bogin nan sau da yawa da ƙwayar cuta take shigowa, ga sakamakon jarrabawar yara a ciki. Bar ma wannan. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, wanda tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba su da shi. Ka ga matsalar manhaja ce, amma amsarta sai an buɗe littafin na'urori an ga wacce za ta ɗauka, wacce sai canji.

Malam Magaji, ka je gaban kowace kwamfuta ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta slmgr /dli, za ta nuna maka irin lasisin. Idan littafi ya yi maka kaɗan akwai manhajojin lissafin kadara, Snipe-IT da GLPI, kyauta ne, amma kwamfuta 41 ko Excel ya isa. Waɗanda za ku sayar kuma a goge faifansu tas tukuna, akwai dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Magajin Sito, Birnin Kebbi:
Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na zauna na gwada goma sha biyu kafin wuta ta ɗauke. Biyar OEM ne, bakwai kuwa sun nuna wani abu wai KMS, wanda aka ce na masu lasisin jimla ne, alhali makarantar nan ba ta taɓa sayen lasisin jimla ba. Na ja sabbin layuka uku a littafin: irin lasisi, shaidar saye, ranar ƙarewa. Injiniya, su bakwai ɗin nan, in fara kiran mai gyaran ne ko in kai wa shugaba takardar yadda take?