Mai gilashi ko mai madubi: wacce ta dace da ƙurar Damagaram?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Makarantarmu za ta sayi na'urar hangen taurari don yara su ga wata da zoben Zuhal. An nuna mana biyu: mai gilashi, faɗin milimita 70, da mai madubi, milimita 150. Ina bambancin yake?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Abin da ke tattara haske shi ne ke raba su. Mai gilashi, irin ta Galileo ta 1609, haske na ratsa gilashin gaba ya lanƙwasa. Aibinta, kowane launi da yadda yake lanƙwasa, sai ka ga shuɗi-shuɗi a gefen wata. Shi ya sa ake haɗa gilashi biyu mabambanta, in gilashi ɗaya ne kar ku saya.

Mai madubi, wadda Newton ya ƙera a 1668, madubi mai zurfi kamar tasa ne a gindin bututu. Yana maido da haske zuwa ƙaramin madubi da ke karkace, a leƙa ta gefe. Ba ta da matsalar launi. Akwai ta uku mai haɗa biyun, irin su Maksutov, gajera amma da tsada.

Ni 150 zan ɗauka: haskenta ya ninka na 70 fiye da sau huɗu.

Yaya Makaniki: Malam, gaskiya ne, amma bakinta a buɗe yake, ga hazon hunturu. Shafen aluminiyom da ke maido da hasken a fuskar madubin yake, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki. Aka goge da tsumma, ƙurar ta karce shi, ba gyara. Ƙura kaɗan ba ta hana gani, a ƙyale ta. In ta yi yawa, a ciro madubin, a kwarara masa ruwan batir tsantsa marar asid, a jingine ya bushe. Bayan jijjigar hanya kuma sai an daidaita madubin biyu da kusoshinsu na saiti, in ba haka ba taurari su fito da wutsiya.

Malamin Kimiyya: Haka ne, Yaya. Ɗan Birni, kar lambar jikin kwali, ta sau nawa na'urar ke ƙara girman abu, ta ruɗe ku. Raba tsawon tattara hasken na'urar, wato nisa daga madubi zuwa inda hasken ke haɗuwa, da na gilashin leƙawa: misali milimita 1200 a raba da 10, sau 120 ke nan, ya isa ganin zoben. Ku fito da ita rabin awa kafin kallo, madubin ya huce. Kuma kada yaro ya saita ta ga rana, nan take ido ke ƙonewa.