Wai dole ne sai an sake tada ordinatar duk sanda ta nema?

Ɗan Zengo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da shagon buga takardu kusa da kasuwar Dole, ordinatar ɗina Windows 10 ce, kullum sai ta ce in yi redemare (wato in sake tada ta), ga mutane a tsaye suna jiran takardunsu ga wuta ba tabbas. Don Allah yaushe ne ya zama dole, yaushe zan iya ƙyale ta?

Mai Gyara Birni:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ba kowane lokaci ba ne. Kile, suri, kilabiye, yawancin abin da ake sokawa ta USB yana kama aiki nan take, ƙananan lojisiyel ma yawanci ka rufe ka buɗe ya isa. Inda ya zama dole shi ne in mizajur, wato gyaran da ake saukewa don sabunta lojisiyel, ta taɓa zuciyar Windows ɗin kanta, saboda fayil ɗin da take aiki da shi ba ya canzuwa tana kunne, sai ta ajiye sabon a gefe ta musanya lokacin tashi, to in ba ka yi ba gyaran bai shiga ba ko da ta ce ta gama saukewa. Haka in ka canza sunan mashin ko ka taɓa BIOS (tsarin da ke tada mashin kafin Windows ta hau), wani lokaci da antibiris. Microsoft na sakin manyan mizajur ranar Talata ta biyu a wata, ka bar ta ta yi da dare.

Hajiya Sakatariya:
Malam ni fa kullum ina kashe tawa in na tashi daga biro, ai ya wadatar ko?

Mai Gyara Birni:
A'a Hajiya, tun Windows 8 kashewar ba cikakkiya ba ce, tana adana zuciyar a diski don ta tashi da sauri, redemare ne ke farawa daga tushe. In ta fara nauyi shi za ki danna.

Ɗalibi Abdu:
Yaya, in zan ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta cikin mashin) fa?

Mai Gyara Birni:
Wannan kam ƙanena kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir in yana fita, kafin ka buɗe. Kuma Ɗan Zengo kar ka fara mizajur sai batir a cike, wuta ta ɗauke a tsakiya Windows na iya ƙin tashi.