Taƙaitawa: Sauya Ƙaramin Lagireton Hitar Baya a Motar Jif

Ga abin da na tsinta daga bayanan 'yan uwa da suka tattauna kan sauya ƙaramin lagireton hitar baya, wato na'urar da ke ɗumama kujerun bayan mota:

1. Kowa ya yarda a bari inji ya huce sarai kafin a taɓa tiyo, don ruwan lagireto mai zafi yana ƙona mutum.

2. A fara duba bututun ƙarfe biyu da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa baya. Sau da yawa su ne tsatsa ta ci, hitar kuma lafiyarta ƙalau.

3. Bayan haɗawa a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan lagireto, in ba haka ba baya ba zai yi ɗumi ba.

Inda aka rabu: wasu sun ce a haɗe tiyo biyun da ke zuwa hitar da juna, a manta da hitar baya. Wasu suka ƙi, saboda yara da ke zama baya lokacin sanyi. Ni ina tare da na biyun.